Martani ga Masu Neman a Gaggauta Zaɓen Fitar da Gwani

A cikin muhawarar da ake tafkawa a Abuja kan gyaran dokokin zaɓe, wani marubuci mai sharhi kan harkokin siyasa ya tsaya kai da fata a kan cewa maganin rigingimun da ke biyo bayan tsayar da 'yan takara shi ne a riƙa gudanar da zaɓen fitar da gwani da wuri, har a kammala shi shekara guda cur kafin ranar babban zaɓe. Zaɓen fitar da gwani shi ne wanda kowace jam'iyya ke yi a cikin gidanta domin ta tsayar da mutum guda daga cikin masu neman kujera, wanda zai riƙe mata tuta a gaban abokan hamayya. Hujjar marubucin ita ce idan aka bar tazara mai faɗi tsakanin zaɓukan biyu, kotuna za su gama da ƙararrakin da suka taso daga cikin jam'iyyu kafin a kaɗa ƙuri'a, hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, za ta yi shiri a tsanake, su kuma jam'iyyu za su sami sararin lallashin waɗanda suka sha kaye. Ya kuma kafa hujja da yadda jihohin Amurka ke rige-rigen yin nasu zaɓen tun farkon shekara. Ra'ayin yana da daɗin ji, kuma babu alamar mugun nufi a cikinsa, sai dai an rubuta shi tamkar Nijeriya ba ta taɓa gwada wannan hanya ba, alhali kuwa ta gwada ta a 2022, kuma sakamakon gwajin yana nan a rubuce cikin hukunce-hukuncen kotuna.

A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2010, abin da aka ɗora wa jam'iyya shi ne ta miƙa wa hukumar zaɓe sunayen 'yan takararta kwana 60 kafin zaɓe, shi ya sa a zagayen 2019 aka rufe zaɓen fitar da gwani ranar 7 ga Oktoba 2018, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 23 ga Fabrairu 2019, tazarar kwana 139 ke nan. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022 ta ninka wancan wa'adi sau uku, domin sashe na 29 ya mayar da shi kwana 180, sashe na 28 kuma ya wajabta wa hukumar ta sanar da zaɓe kwana 360 kafin ranarsa. A bisa wannan ne aka buɗe ƙofar zaɓen fitar da gwani ranar 4 ga Afrilu 2022, aka tsara rufe ta ranar 3 ga Yuni, sannan aka ƙara kwana shida bayan jam'iyyu sun roƙa, ta yadda daga ranar rufewa zuwa zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 an sami kwana 261. Duk wanda zai nemi a ƙara tsawaita wannan tazara, wajibi ne ya fara nuna abin da ƙarin kwana 122 ya amfanar, kuma marubucin bai yi hakan ba ko a layi ɗaya.

Mafi ƙarfin hujjarsa ita ce ta kotu, kuma ba a rasa gane inda ya samo lissafinsa na shekara guda ba. Sashe na 285 na tsarin mulki, bayan gyaran da aka sanya wa hannu a 2018, ya tsara wa'adin abin da lauyoyi ke kira shari'ar gabanin zaɓe, wato ƙarar da ta shafi yadda aka tsayar da ɗan takara: mai ƙorafi yana da kwana 14 ya shigar da ƙara, kotun farko tana da kwana 180 ta yanke hukunci, kowane ɗaukaka ƙara kuma ana shigar da shi cikin kwana 14 a kuma yanke shi cikin kwana 60. Idan shari'a ta bi dukkan matakai har Kotun Ƙoli, kowa ya cinye kwanakinsa, jimillar na iya kaiwa kwana 342, abin da ya sa shekara guda take kamar ta wadatar. To amma kwanakin ba daga ranar zaɓen fitar da gwani kaɗai suke fara ƙirguwa ba, daga ranar da abin da ake ƙorafi a kansa ya auku ne, kuma sau da yawa wannan abu shi ne miƙa wani suna dabam ga hukumar zaɓe, ko musanya ɗan takara, ko wallafa jerin sunaye, waɗanda ke faruwa makonni ko watanni bayan an tashi daga filin taro. Haka kuma adadin 180 ba saukakke ba ne daga sama, 'yan majalisa ne suka rubuta shi, don haka abin mamaki ne a ce za a miƙar da siyasar ƙasa baki ɗaya domin ta dace da jinkirin kotu, maimakon a rage jinkirin.

Shari'ar Yobe ta Arewa ta isa misali. Bashir Machina ne ya lashe zaɓen fitar da gwanin APC na kujerar sanata a ƙarshen watan Mayu 2022, a lokacin da Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan ke neman tikitin shugaban ƙasa, amma da Lawan ya faɗi a can, sai jam'iyyar ta miƙa sunansa a kujerar sanata. Machina ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, ya sake yin nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai ranar 6 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta ba Lawan tikitin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa dalilin cewa an shigar da ƙarar ta hanyar da ba ta dace da zargin maguɗi ba. Marubucin zai iya cewa ai ga shi an gama kafin zaɓe, kuma gaskiya ne an gama, amma saura kwana 19, bayan masu zaɓe na wannan mazaɓa sun shafe kusan dukkan lokacin yaƙin neman zaɓe ba su san wanda za su tuhuma ko su yaba ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne doguwar tazarar ce da kanta ta buɗe ƙofar dabarar, domin ita ce ta ba wanda ya faɗi a babbar kujera damar komawa gida ya nemi ƙarama. Irin wannan taƙaddama ce ta kai Godswill Akpabio har Kotun Ƙoli a watan Janairu 2023 kan kujerar sanata a Akwa Ibom, shi ma bayan ya janye daga takarar shugaban ƙasa.

Zaton cewa rikicin tsayar da ɗan takara zai tsaya a gabanin zaɓe idan an ba shi isasshen lokaci shi ma bai tabbata ba. A Filato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar PDP da dama a ƙarshen 2023, watanni bayan an rantsar da su, bisa hujjar cewa jam'iyyar ba ta da halastaccen shugabanci a jihar lokacin da ta tsayar da su; da shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang ta isa Kotun Ƙoli a ranar 12 ga Janairu 2024, sai kotun ta ce wannan batu ba hurumin kotun zaɓe ba ne tun farko, amma 'yan majalisar ba su da hanyar komawa, domin shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tiƙewa. A Kano ma batun ko Abba Kabir Yusuf ɗan jam'iyyar NNPP ne a lokacin da ta tsayar da shi ya bi shari'ar gwamna har zuwa wannan rana ta 12 ga Janairu, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. An yi zaɓukan fitar da gwanin da suka haifar da waɗannan shari'u tun tsakiyar 2022, kuma wata takwas na tazara bai hana a tono su ba bayan an yi zaɓe an rantsar.

Misalin da masu wannan ra'ayi suka fi dogaro da shi shi ne na Zamfara, inda ranar 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabuwar gwamnati, Kotun Ƙoli ta soke dukkan nasarorin APC saboda ba ta gudanar da halastaccen zaɓen fitar da gwani ba, Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna. Sai dai duk wanda ya bi wannan rikici ya san cewa ba ƙarancin kwanaki ne ya hana zaɓen ba, tun da jam'iyyar tana da kusan mako bakwai kamar kowace jam'iyya a kowace jiha. Abin da ya hana shi ne ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren da Sanata Kabiru Marafa ke ciki sun kasa yarda da waye zai riƙe akalar zaɓen. Da an matsar da ranar da wata shida, da rikicin ma ya matsa da wata shida.

Nan ne asalin ciwon yake, kuma maƙalar marubucin ba ta ko leƙa wurin ba. Dokar 2022 ta halatta hanyoyi uku na tsayar da ɗan takara: 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya mai rajista ke da ƙuri'a, zaɓe ta hanyar wakilai, waɗanda jama'a suka fi sani da daliget, da kuma maslaha, inda masu neman kujera ke janye wa mutum guda da yardarsu a rubuce. Majalisa ta so ta tilasta 'yar tinƙe ita kaɗai, Buhari ya ƙi sanya hannu a watan Disamba 2021, aka dawo da sauran hanyoyin. Daga nan kuma yadda aka rubuta sashe na 84 ya fitar da wakilan da a da suke da ƙuri'a saboda muƙaminsu, aka bar zaɓaɓɓun wakilai kaɗai, majalisa ta yi gyara cikin gaggawa, shugaban ƙasa bai sanya hannu ba kafin a yi tarukan. Sakamakon shi ne PDP ta fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa ranar 28 ga Mayu 2022 a filin wasa na Moshood Abiola da wakili guda daga kowace ƙaramar hukuma, Atiku Abubakar ya sami ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya sami 237. Ita kuwa APC ta taru a Dandalin Eagle daga 6 zuwa 8 ga Yuni da wakilai uku-uku daga ƙananan hukumomi 774, Bola Tinubu ya sami 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. A ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93, mutane kimanin dubu uku ne suka tantance manyan 'yan takara biyu, kuma a mafi yawan jihohi a gidan gwamnati aka rubuta sunayen waɗannan mutane. Muddin haka abin yake, ranar da aka sanya wa taron ba ta canza komai a game da ɗauki-ɗora, wanda shi ne uwar ƙararrakin.

Abin da gaggautawa ke canzawa shi ne tsadar takara, kuma ba ta fuskar sauƙi ba. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa a kan Naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, PDP kuma ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Jaridu sun cika da zargin rabon daloli ga wakilai, har jami'an EFCC suka bayyana a filin taron PDP, kuma a cikin waɗannan makonni ne dala ta haura Naira 600 a hannun 'yan canji, abin da masu sharhi da dama suka danganta da buƙatar 'yan siyasa. Wannan kuɗin shiga ne kawai. Wanda ya sami tikiti a watan Mayu 2022, doka ba ta ba shi damar fara yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a ba sai kwana 150 kafin zaɓe, wato 28 ga Satumba ga masu neman shugabancin ƙasa da majalisar tarayya, amma ƙofar gidansa ba ta rufuwa tun daga ranar da aka ɗaga hannunsa: ga masu biki, ga masu zaman makoki, ga marasa lafiya, ga shugabannin mazaɓu, ga goron Sallah ƙarama da babba, kowa da buƙatarsa, wanda aka hana kuma ya tafi da labari. Sashe na 88 na dokar 2022 ya ƙayyade abin da za a kashe, Naira biliyan 5 ga shugaban ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, amma babu mai ƙirga abin da ke fita ta ƙofar gida. Mutum biyu ne ke iya jure shekara guda a wannan hali, mai riƙe da baitulmali da kuma wanda wani attajiri ya tsaya masa, kuma attajirin zai zo karɓar bashinsa bayan rantsuwa. Malamin jami'a, ko likita, ko matashiyar lauya da dokar rage shekarun takara ta 2018 ta buɗe wa ƙofa, su ne na farko da doguwar tazara za ta kora.

Akwai kuma asarar da ke faɗa wa mulki da kansa, wadda mazauna Abuja suka gani da idonsu. Sashe na 84 na dokar 2022 ya hana mai muƙamin siyasa shiga zaɓen fitar da gwani sai ya ajiye aiki, don haka a watan Mayu 2022 Buhari ya umarci ministocin da ke da buri su sauka kafin ranar 16 ga wata, Amaechi da Akpabio da Ogbonnaya Onu da Chukwuemeka Nwajiuba suka tafi, ba a rantsar da magadansu ba sai a watan Yuli. Amaechi shi ne ministan sufuri lokacin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris, ya kuma ayyana takararsa ranar 9 ga Afrilu, fasinjoji na daji, ba a sako na ƙarshensu ba sai a watan Oktoba. Nwajiuba shi ne ƙaramin ministan ilimi a tsakiyar yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ba a cewa zaɓen fitar da gwani ne ya haddasa waɗannan masifu, amma babu mai musun cewa hankalin mahukunta ya rabu a daidai lokacin da ake buƙatarsa a haɗe. A majalisa kuwa, duk ɗan majalisar da ya rasa tikiti a watan Mayu 2022 ya ci gaba da zama a kujera har Yuni 2023, shekara guda yana wakiltar mutanen da ya san ba zai koma gabansu neman ƙuri'a ba. Idan aka bi shawarar marubucin, wa'adin shekara huɗu zai koma shekara biyu da 'yan watanni na aiki, domin tuntuɓa da sayen fom da zawarcin wakilai suna farawa ne tun kafin a buɗe ƙofar a hukumance.

Batun sulhu ya fi kowanne rauni. PDP ta sami kusan wata tara tsakanin taronta da babban zaɓe, kuma a cikin waɗannan watanni ne gwamnoninta biyar, Wike da Seyi Makinde da Samuel Ortom da Okezie Ikpeazu da Ifeanyi Ugwuanyi, suka haɗe kai suka juya wa ɗan takarar jam'iyyar baya saboda an ƙi sauke shugabanta Iyorchia Ayu. Lokacin da aka ce na lallashi ne ya zama na ɗaura ɗamara, ƙarshenta kuma Wike ya zama ministan Babban Birnin Tarayya a gwamnatin APC a watan Agusta 2023. A Majalisar Dattawa, jagoran masu rinjaye Yahaya Abdullahi da Adamu Aliero sun sauya sheƙa zuwa PDP a 2022 saboda rikicin jam'iyya a Kebbi. Mafi ban mamaki shi ne abin da ya faru a Kano ta Tsakiya, inda Malam Ibrahim Shekarau ya shiga NNPP a watan Mayu, aka ba shi tikitin sanata, ya fice zuwa PDP a watan Agusta, amma sunansa ya ci gaba da zama a jerin hukumar zaɓe, har aka ayyana shi a matsayin wanda ya lashe zaɓe a jam'iyyar da ya bari da wata shida, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Rufa'i Hanga kujerar. Ƙurewar wa'adin miƙa sunaye kuma ita ta haifar da al'adar ɗan riƙon ƙwarya, inda Tinubu ya miƙa sunan Kabiru Masari, Peter Obi ya miƙa na Doyin Okupe a matsayin mataimaka, kowa ya san ba su ne za su tsaya ba, kafin a musanya su da Kashim Shettima da Datti Baba-Ahmed a watan Yuli.

Inda marubucin yake da gaskiya shi ne hukumar zaɓe na buƙatar lokaci, kuma ba a manta yadda aka ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu 2019 da tsakar dare saboda kayan aiki ba su isa ba, ko yadda Farfesa Attahiru Jega ya dakatar da na 2 ga Afrilu 2011 bayan an fara. Sai dai takardar ƙuri'ar Nijeriya alamar jam'iyya take ɗauke da ita, ba sunan mutum ba, don haka abin da maɗaba'a ke jira shi ne sanin jam'iyyun da suka tsaya a kowace mazaɓa, kuma abin da ya fi jinkirta shiri shi ne sakin kuɗi, wanda dokar 2022 ta riga ta ce a yi shi shekara guda kafin zaɓe. Duk da kwana 261, an ɗage zaɓen gwamnoni na 2023 daga 11 zuwa 18 ga Maris saboda sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, matsalar da ba ta da alaƙa da ranar fitar da gwani.

Misalin Amurka kuwa an ɗauko shi ba tare da duba dalilinsa ba. A can jihohi ne ke sanya ranar, ana kuma yin zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa bi da bi, jiha bayan jiha, ta yadda wadda ta riga tana iya kashe ko raya ɗan takara kafin sauran su yi magana. Shi ya sa New Hampshire ta kafa doka cewa nata zaɓen zai riga kowane irinsa da aƙalla mako guda, shi ya sa kuma Michigan da Florida suka tsallako zuwa watan Janairu a 2008, jam'iyyar Dimokurat ta hukunta su da ƙwace kujerun wakilansu kafin daga baya a sassauta. Gasar neman tasiri ce tsakanin jihohi, ba dabarar rage shari'a ba, kuma a Nijeriya babu irin wannan gasa, domin a 2022 a rana guda a fili guda aka tara wakilan dukkan jihohi. Da kusa marubucin ya duba, da ya sami misalan da suka fi yi masa amfani, kamar yadda jam'iyyar PNDS Tarayya ta tsayar da Mohamed Bazoum tun Maris 2019 domin zaɓen Disamba 2020 a Nijar, ko yadda manyan jam'iyyun Gana biyu suka tsayar da nasu a 2023 domin zaɓen Disamba 2024; amma a waɗannan wurare jam'iyya ce ta zaɓar wa kanta lokaci bisa lissafinta, ba doka ce ta ɗaure kowa da kowa, daga shugaban ƙasa har kansila, a kan jadawali guda ba. A ɗaya gefen ga Birtaniya, inda aka sanar da zaɓe ranar 22 ga Mayu 2024 aka yi shi ranar 4 ga Yuli, tsayar da 'yan takara da komai cikin mako shida.

Ba sai an yi nisa ba ma, domin Babban Birnin Tarayya shi ne wurin da ya fi dacewa a auna shawarar. Ƙananan hukumominsa shida, wato Birnin Abuja da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, su ne kaɗai a ƙasar da INEC ke gudanar wa zaɓe, da kujerun shugabanni 6 da na kansiloli 62. An yi zaɓen fitar da gwani na zagayen 12 ga Fabrairu 2022 tun watan Afrilu 2021, kusan wata goma kafin ranar, wanda ya yi kusa da abin da marubucin ke nema, amma duk da haka rikicin tikitin APC a Abaji bai ƙare ba har aka kaɗa ƙuri'a, jami'in zaɓe ya sanar da cewa jam'iyyar ce ta fi ƙuri'a ba tare da ya ayyana sunan wanda ya lashe ba, saboda maganar tana gaban kotu. A zagayen da ya biyo baya, hukumar ta sanya zaɓen fitar da gwani a watan Yuni 2025 domin zaɓen 21 ga Fabrairu 2026, kusan wata takwas ke nan ga mai neman kansila a mazaɓar da zai iya zagaye ta a kan babur cikin kwana biyu, kuma wanda dokar 2022 ta ce kada ya kashe fiye da Naira miliyan 5. A wannan wata na Yuni, makarantun firamare na gwamnati a faɗin yankin suna rufe, domin malamai sun shiga yajin aiki tun Maris kan rashin biyansu mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, ba su koma ba sai Yuli, kuma albashin nan nauyin shugabannin ƙananan hukumomin ne.

A watan Oktoba 2025 an gabatar da wani daftari a zaman jin ra'ayin jama'a na Majalisar Tarayya, wanda ya nemi a dawo da babban zaɓe zuwa Nuwamba 2026 domin a gama shari'u kafin rantsuwar 29 ga Mayu, kuma da an haɗa wannan da shawarar marubucin, da zaɓen fitar da gwani ya faɗo a ƙarshen 2025, shekara biyu da rabi kacal bayan hawa mulki. Gyaran da ya fi kai wa ga ciwon yana wani wurin dabam: a rage wa'adin kotun farko a shari'ar gabanin zaɓe, tun da mafi yawan hujjojinta takardu ne, rahoton jami'an hukumar zaɓe da suka sa ido da jerin wakilai da takardar sakamako, a taƙaita matakan ɗaukaka ƙara ga ƙananan kujeru, a hana wanda bai shiga zaɓen da hukumar ta halarta ba karɓar tikiti ta bayan fage, a kuma mayar da rajistar 'yan jam'iyya, wadda sashe na 77 na dokar 2022 ya ce a miƙa kwana 30 kafin zaɓen fitar da gwani, abin da kowane ɗan jam'iyya zai iya dubawa ya ga sunansa da na wakilinsa. Wasu daga cikin waɗannan, gyaran Dokar Zaɓe kawai suke buƙata, amma taɓa sashe na 285 gyaran tsarin mulki ne, wanda ba ya tabbata sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36, kuma waɗannan majalisu galibi a tafin hannun gwamnoni suke, gwamnonin ne kuwa suka fi cin moriyar tsarin wakilai yadda yake a 2022. Mazauna Abuja, da ba su da gwamna ba su kuma da majalisar jiha, ba a ƙirga su a cikin waɗannan 24, iyakar muryarsu a wannan gyara ita ce sanata guda da 'yan majalisar wakilai biyu.